Buhun Yashin Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu. Yayan mahaifiyata ne, kuma uban mijina, don haka ta ɓangare biyu mutuwar ta same ni. Ya cika da hantsi a gidansa na Roni, can gindin dutse, ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Tsohon malamin dabbobi ne. Daga Kazaure har bakin iyaka a Babura, da wuya ka sami mai shanun da bai san ƙarar babur ɗinsa ba.

Kafin azahar gidan ya cika maƙil. Ina zaune kusa da Inna, matar Kawu, ina taya ta karɓar gaisuwa. Wata dattijuwa daga Gwiwa ta shigo da salati tun daga zaure, ta zube tana cewa, "Wayyo Malam! Yau garke ya zama maraya." Matan Fulani suka jere ƙorensu a gindin bango suka zauna suna hawaye, ɗaya tana ba da labarin ranar da ya zura hannu har kafaɗa ya ciro mata maraƙi da ransa, bai karɓi ko ludayin nono ba. Umma, mahaifiyata, carbi kawai take ja. Inna kuwa idonta a bushe. Duk wadda ta ce mata, "Hajiya, ya haƙuri?" sai ta amsa, "Haƙuri ai a gidan nan ya girma."

Wata mata da ba ta san ni ba ta karkata wajen maƙwabciyarta, ta yi irin raɗar da ake ji daga bakin rijiya.

"Wace ce waccan kusa da Hajiya?"

"Matar guntun ce."

"Ayya! Mutum kamar giginya, a ce magajinsa ke nan."

Suka ja mayafi suka rufe baki.

Guntun da suke nufi shi ne mijina, babban ɗan Kawu, kuma shi kaɗai ne namiji. Yaya nake ce masa tun ina yarinya, aure bai sa na canja ba. Ya haura talatin, amma tsayinsa bai wuce na ɗan ajin ƙarshe na firamare ba. Maganar matan nan ce ta sa na zauna rubuta wannan. Nan gaba kaɗan masu yabo za su gaji, masu raɗa su sami wani abin raɗar, a manta da Kawu. Ni kuwa ba na so a manta da shi. Ina so a tuna da shi gaba ɗayansa, yadda na san shi.

Tun kafin a haife ni aka taɓa tura shi wani kwas a jami'a, ya dawo da labari guda da ya riƙe har mutuwarsa. Na ji shi yana ba da shi a tsakar gida, a bakin kasuwa, har a wajen ɗaurin aure. Zai gyara zama a kan buzu, ya ɗaga yatsa sama.

"Ku saurara. Masana sun sa ɓeraye a kumbo sun harba su sararin samaniya, can inda ba nauyi, inda in ka saki buta sai ta tsaya a iska tana kallonka. Ga abinci, ga ruwa, ba abin da suka rasa. Da aka sauko da su fa? Ƙashi ya yi rauni, tsoka ta zube, girma ya ja baya. Me ya jawo? Akwai wani ɗan abu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a jikin mutum bai fi ƙwayar wake ba. Ni da kai da sanka duk muna da shi. Shi ke sakin sinadarin da ke umartar jiki ya girma. Da ya ji ba nauyi, sai ya yi kasala, ya rage aiki."

Wani manomi ya taɓa katse shi da cewa, "Allah Ya gafarta Malam, ba za a zo a kwashi na rumbuna a kai su can ba?" Aka kwashe da dariya, har da Kawu. Sannan ya ɗaure fuska ya faɗi kalmar da kowa ya san shi da ita: "Nauyi shi ne abincin ƙashi."

Iyakar abin da aka koya masa ke nan a kwas, labarin ɓeraye. Sauran shi ya ƙara da kansa. Ya ce tunda rashin nauyi yana rage girma, to ƙarin nauyi zai ƙara shi. Ya fara da maruƙansa. Da zarar an yaye maraƙi, sai ya ɗaura masa ɗan buhun yashi a gadon baya, a zaga da shi gindin dutse, yana ƙara yashin a hankali. Shanun huɗarsa kuwa suka fito da wuya kamar turmi. Ko yashin ne, ko dusa da harawar da yake ɗura musu ne, Allah masani. Manoma dai suka riƙa zuwa daga Gwiwa da Achilafiya suna neman irin nasa, kuma daga nan babu mai iya gaya wa Kawu cewa ya yi kuskure a kan wani abu.

A gidansa nake yin hutun makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka "Uwata" yake kira na, kuma ban taɓa ganin fushinsa a kaina ba. Yakan ɗora ni a gaban babur ya kai ni ruga in sha nono mai ɗumi. Da na fara karance-karancen littattafan soyayya, mahaifina ƙona su yake yi. Kawu kuwa da ya kama ni da ɗaya a bayan rumbu, sai ya karɓa ya jujjuya ya ce, "Uwata, shi wannan saurayin na ciki yana da sana'a kuwa, ko sai sa turare?" Ya miƙo mini abina. Ranar kasuwa ya dawo mini da kashi na biyu a cikin jakar allurarsa. Wannan ma Kawu ne, kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya yana wajen shekara goma aka lura sa'o'insa sun tafi sun bar shi. Rigar sallar bara ita ce ta bana, ba a saki ko kalmasa ba. Kawu ya tsayar da shi a jikin sandar da yake auna tsayin shanu, ya duba, ya yi tsaki.

"Sangarta ce. Uwarka ta hana ka ɗaukar ko tulu, abin nan na cikin kanka ya yi barci."

Ya sa Inna ta ɗinka buhu mai maratayi biyu irin na jakar makaranta. Da hannunta ta ɗinka. Har ta sa tsumma a cikin maratayin don kada ya yanke shi, Kawu ya gani ya zare tsumman. Daga ranar, kullum da safe kafin makaranta, Yaya zai goya yashi ya hau dutse ya sauko. Duk ranar kasuwa a tsayar da shi jikin sanda. Idan bai motsa ba, a ƙara kwano guda. Bai taɓa motsawa yadda Kawu yake so ba.

Yaran unguwa suka sa masa suna Maraƙin Malam. Sukan bi shi har gindin dutse suna kukan shanu. "Maraƙi, yaushe za a sa maka garma?" "A ƙara masa kwano, bai ƙoshi ba!" Kawu yana ji daga ƙofar gida, bai taɓa korar su ba. Ya ce gori ma nauyi ne.

Inna ta jure har ta kasa. Ta haɗa baki da Umma, suka ce za su suna Kano, suka kai Yaya babban asibiti. Umma ce ta ba ni labarin abin da likitar ta ce, bayan an ɗebi jini an ɗauki hoton hannunsa. Ta ce ɗan abin nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne ba ya sakin sinadarin yadda ya kamata, kuma haka aka halicce shi. Umma ta kawo mata zancen ɓeraye. Likitar ta ce labarin gaskiya ne, amma yaron nan a ƙasa yake, nauyin da ke kan kowa yana kansa, ba nauyi ya rasa ba. Ko dutsen aka ɗora masa ba zai sa abin ya yi aiki ba. Akwai allurar sinadarin, ana yi a kai a kai na tsawon shekaru, kuma yara suna miƙewa. Sai dai ta ja kunne: bakin ƙashi a buɗe yake yanzu, yana gama balaga zai rufe, in ya rufe kuwa babu allurar da za ta ƙara masa ko faɗin yatsa.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa ranar da Inna ta durƙusa ta gaya masa. Ya saurara har ta gama.

"Allura," ya ce. "Ni za a gaya wa allura? Je ki kara, kasuwar shanu, a Babura ki ga abin da 'yan kasuwa ke yi. Su tsira wa sa allura ya kumbura kamar jarka, ka saya ka sa masa garma, kafin ya kai ƙarshen kunya ya durƙushe. Naman ruwa! Shi kike so in mai da ɗana?"

"Malam, ba irin ta shanu ba ce. Likita ta ce abin da jikinsa ya rasa ne za a mayar masa."

"Jikinsa bai rasa komai ba, ragwanci ne."

"Don girman Allah, Malam. Ɗan mutum ne, ba maraƙi ba. Ba na neman ko sisinka, shanun gadona zan kaɗa."

"Ranar da allura ta shiga jikin yaron nan, ki tabbata kin ɗaure kayanki tukuna."

Umma ta sa baki, ta dubi yayan nata. "Haba Yaya, ka ji tsoron Allah mana."

"Ke kuma da kika iya ƙaryar suna, tashi ki koma gidan mijinki."

Sannan ya kira ɗansa, ya kwance bakin buhun a gabansu, ya zuba kwano biyu. Ya dubi Inna ya ce, "Ɗaya na sanda ne. Ɗaya na bakinki ne." Haka ya riƙa yi. Ta turo limami, aka ƙara kwano. Ta turo ƙaninta, aka ƙara kwano. Ta yi yaji ta dawo ta tarar da buhun ya yi ƙiba. Daga nan Inna ta yi shiru, don ta gane duk kalmar da ta furta a bayan ɗanta take sauka. Tana kallo watanni suna wucewa, muryarsa ta fara buɗewa, ta san ƙofar da likita ta faɗa tana rufuwa a gaban idonta, ga shanunta a ruga suna ta haihuwa.

A littattafan da na taso da su, masoyi kullum dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, ƙamshinsa yana riga shi isowa. Na yi ta jiran irinsa a bakin titin Kazaure. Ashe nawa yana kan dutse da buhu a baya. Wata safiya ta kaka, ina 'yar budurwa, na bi shi a baya har sama. Na same shi ya jingina buhun da wani falalen dutse ba tare da ya sauke ba, don Kawu yakan duba ko maratayin ya kwance. Gonaki sun bazu a ƙasa har iyakar gani, rana ta zuba musu ruwan zinariya, shaho yana shawagi ƙasa da mu. Yaya yana kallon shahon. Idanunsa manya ne, farare tas, masu gashi zara-zara, irin waɗanda marubuta ke ɓata shafi guda a kansu, kuma ban taɓa lura ba sai ranar.

"Wa ya aiko ki?" ya ce.

"Ba kowa. Yaya, ba ya yi maka ciwo?"

"Da yana yi. Yanzu wurin ya mutu." Ya ja wuyan rigarsa na ga kanta baƙa ƙirin ta kwanta a kafaɗunsa biyu. Sai ya ɗaga kai sama. "Kin san me nake tunani in na hau nan? Ɓerayen Baba. Wai suna ta yawo a iska, ba abin da ke danne su. Ni da za a sa ni a kumbon nan, wallahi ko ƙashina zai narke zan je."

Ya yi dariya, ni kuwa na sauko da zuciyar da ba tawa ba.

Sai da Yaya ya haura ashirin, wata rana ba tare da kowa ya roƙe shi ba, Kawu ya ce masa ya shirya su je Kano. Inna ta yi ta sadaka har suka dawo. Aka sake ɗaukar hoton hannu. Bakin ƙashi ya rufe tuni. Yaya ya ce mini likitan da suka tarar ya tambayi Kawu inda suka tsaya duk shekarun nan, Kawu ya ce suna magani a gida. Da suka sauka daga mota a Roni, dattawan ƙofar gida suka tambayi yadda aka yi. Kawu ya karkaɗe babbar rigarsa ya ce, "Ban gaya muku ba? Ba su da komai." Washegari ya karɓi buhun daga hannun Yaya, ya duba ɗinkin ya ce har yanzu da ƙwarinsa, ya ɗaura wa wani jan maraƙi. Bai ƙara tayar da zancen ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko da wasa.

Lokacin da na ce Yaya nake so, dangin mahaifina suka yi tsalle suka dire. Wata gwaggona ta ce in na haihu sai a rasa wa za a goya. Kawu ne ya hau babur ya je Kazaure, ya zauna da mahaifina daga hantsi har la'asar, bai tashi ba sai da aka ba shi ni. Na je na durƙusa ina yi masa godiya ina kuka, Yaya yana gefe kansa a ƙasa. Kawu ya dafa kaina.

"Tashi, Uwata. Ke ce buhun ƙarshe da zan ɗora masa. Mu gani ko nauyin iyali zai yi abin da yashi ya kasa."

Mutanen wurin suka yi dariya. Yaya ma ya yi murmushi, don ya saba.

Muna zaune a Gwiwa, inda yake koyarwa a firamare. Yana hawa ƙaramin mashin ɗin nan roba-roba, don shi ne ƙafarsa ke kaiwa ƙasa. Ba ya ɗaga murya, bai taɓa dukan ɗalibi ba, 'ya'yanmu kuwa ko jakar makaranta ba ya bari su rataya, a gaban mashin yake ɗaure musu. Da ciwo ya kwantar da Kawu, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, Yaya ya nemi izini a wajen aiki ya tare a Roni. Shi ke ciccibar ƙaton mutumin nan daga gado zuwa bayan gida, ya dawo da shi, ya zaunar da shi a rana, shi kaɗai, ba ya ko nishi. Wata rana ina riƙe da labule suna wucewa, Kawu a goye, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Na ji ya sa baki a kunnen Yaya ya ce, "To, ka ga amfanin yashi?"

"Na gani, Baba," in ji Yaya.

Ranar rasuwar, bayan an gama wanka an sa likkafani, Yaya ya leƙo ya kira ni bayan ɗaki. Ya sa farar riga. Bai yi kuka ba.

"Kusurwar makara ta gaba ta dama tawa ce," ya ce. "Daga ƙofar gida har bakin kabari, ba zan ba kowa ba. Duk abin da ya ɗora mini na ɗauka. Wannan ma ni zan kai, a gani."

Aka yi kiran mata su kauce, maza suka shigo suka fita da shi. Mu muka zauna a ciki. Ba su dawo daga maƙabarta ba hoton bidiyon da wani ya ɗauka ya fara shigowa wayoyin dangi, har ya iso tawa.

An idar da salla, makara tana ƙasa, jama'a ba iyaka. Na hango farar rigarsa ya riga kowa zuwa kusurwar gaba, ya durƙusa ya sa kafaɗa. Mutum uku suka kama sauran kusurwoyin, dogaye, dillalan shanu. Aka ce bismillah, suka miƙe. Makarar ta bar kafaɗarsa ta yi sama. Ya ɗaga hannu biyu ya tallafe ta, yana ɗage a kan yatsun ƙafa, kusurwarsa ta karkata, gawar ta motsa a cikin tabarma. Aka yi ca: "Za ta zame! Ku riƙe!" Wani baƙo mai rawani, daga cikin mutanen Babura da suka zo don girman Kawu, ya zo ta bayansa ya kama shi a kafaɗa ya janye shi gefe.

"Kai yaro, matsa! Nan ba wurin wasa ba ne. Ina manyan gidan?"

Ya shiga wurin, makarar ta daidaita, aka tafi. Mai ɗaukar hoton ya yi wata 'yar dariya ta hanci, sannan ya ce astagfirullah. Babu wanda ya gaya wa baƙon ko wane ne ya ture. Jama'a suka yi ta karɓa-karɓa, wannan ya sa kafaɗa ya ba wancan, har almajirai da masu wucewa sun sami ladan taku kaɗan. A can ƙarshen hoton, kafin ya yanke, ga farar riga a bayan mutane, hannu biyu a sake.

Bayan la'asar Yaya ya shigo gaishe da Inna. Na kife wayar a cinyata. Ya durƙusa a bakin tabarma. Inna ba ta da waya, ba ta ga komai ba. Ta dube shi ta ce, "Ka kai shi?"

"An kai shi, Inna."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, Ka fi mu sanin sa. Ka saka masa da alherin da ya yi wa dabbobi da masu su, da wanda ya yi mini. Ka haskaka kabarinsa, Ka gafarta masa abin da ke tsakaninKa da shi. Abin da ke tsakaninsa da ɗansa kuwa, Yaya ya ce ya yafe tun kafin a tambaye shi, ya kuma roƙe ni in rubuta hakan. Na rubuta.